Tambaya da Amsa: Me yaran nan suke gani ne a gem ɗin takobi da dodanni?

Wasiƙun da suka shigo wannan makon kusan duk a kan waya da gem suke, to sai na ɗauki guda uku da suka fi tsaya min a rai, ta farkon ce za ta ci mana fili don ita ce uwar sauran.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce daga Unguwar Rogo a nan Jos, ɗana na fari shekararsa 15 yana aji ɗaya na babbar sakandare. Tun da yayan babansa ya ba shi tsohuwar wayarsa da ƙaramar sallah yaron nan ya zama wani iri, wani gem yake bugawa na wani mai takobi da yake ta yawo a daji yana faɗa da dodanni, wai Genshin ko me. Ko aikensa na yi sai ya ce Umma bari in kashe wannan, ranar nan ƙarfe biyun dare na farka na ga haske a ƙarƙashin bargo. Ba ya shaye-shaye, ba ya bin abokan banza, sallah ma yana yi sai dai a makare. Na ƙwace wayar sati guda ya koma kamar mara lafiya. Wai me ke cikin abin nan ne haka? Ko in fasa wayar ne in huta?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Dan Allah kar ki fasa wayar. Na ji daɗi da kika fara da tambayar me ke cikin abin, don da yawa daga cikinmu iyaye ba ma tsayawa mu tambaya, bulala kawai muke ɗaukowa, kuma in ba ki san abin da yaro yake samu a waje ba to ba za ki san da me za ki janyo shi ba.

Da hutun da ya wuce na je gaida yayata a Gangare, na tarar da ɗanta, sa'an naki ne, zaune a kan dakali cikin rigar sanyi ya jona wayar da fawa bank don tun safe ba wuta. Wannan gem ɗin dai yake bugawa, Genshin Impact, wani kamfanin China mai suna miHoYo da ke Shanghai ne ya fitar da shi a watan Satumba na 2020, kuma kyauta ake sauke shi. Na ce masa matsa min in gani. Mutumin nasa yana gindin wani dutse mai tsawo, sai ya fara hawa, akwai wani ɗan zane ruwan ɗorawa a gefensa da yake raguwa, shi ne ƙarfin jikinsa, in ya ƙare kafin ya samu wajen dafawa sai ya faɗo. Yaron nan har numfashi yake riƙewa, ya samu wani ɗan tudu a jikin dutsen ya tsaya ya huta, ƙarfin ya dawo, ya ci gaba. Da ya kai can ƙololuwa sai ya juya min skirin ɗin, ga tafki, ga wani birni mai ganuwa a tsakiyar ruwa, ga wani dutsen ƙanƙara can nesa fari fat. Sai ya daka tsalle daga saman, ya buɗe wasu fukafukai ya yi ta shawagi a hankali har ya sauka a bakin ruwa. Ya ce min, Kawu, duk abin da ka hango a nan za ka iya zuwa wajen, babu mai ce maka koma.

Wallahi Hajiya maganar nan ta kwana a raina. Mu da muka tashi a Jos kafin 2001 mun san wani gari daban. Ranar Asabar in an tashi daga allo mu kan ɗauki hanya mu biyar mu shida, mu ratsa unguwanni da ƙafa ba wanda ya tambaye mu sunanmu, mu hau duwatsu har tafin hannu ya yi ja, mu tsinki gwaba, mu leƙa kududdufan da masu haƙar kuza suka bari duk da an hana mu don suna cin mutane, sai magariba mu dawo ƙafa bututu a yi mana faɗa, gobe mu sake. Daga rikicin 7 ga Satumba na 2001 garin ya fara tsagewa, aka sake a 2008, aka sake a 2010. Ɗanki da ɗan yayata a cikin wannan tsagaggen garin suka buɗe ido. Tun suna rarrafe suke jin kar ka wuce gada, kar ka bi ta can, in ka ji hayaniya ka rugo gida, kuma mu da muke faɗa musu haka gaskiyarmu ce, don mun ga abin da muka gani. Amma ɗan shekara 15 jininsa yana tafasa ne, yana so ya ga bayan dutse, Allah ne ya halicce shi haka. Taswirar da muka ba shi ita ce gida, makaranta, islamiyya, masallaci, shagon mai caji. Sai ga wani abu a tafin hannunsa da ya ba shi duniya guda babu shingen sojoji babu dokar hana fita. Ina laifinsa in ya faɗa ciki?

Kuma masu yin waɗannan wasannin sun san da haka sarai, don daga nan abin ya samo tushe. Shigeru Miyamoto, Bajapanen da ya ƙirƙiro The Legend of Zelda a kamfanin Nintendo a 1986, wanda ana lissafa shi cikin kakannin irin wannan gem ɗin, ya sha faɗa cewa yawon da ya yi yana yaro a dazuka da koguna na ƙauyensu Sonobe kusa da Kyoto shi ne ya so ya mayar wasa, irin faɗuwar gaban da yaro yake ji in ya tsaya a bakin kogo da fitila yana shawarar ya shiga ko kar ya shiga. A wanda suka fitar a 2017, Breath of the Wild, in ana ruwa dutse yana santsi ba ya hawuwa, in ka riƙe takobin ƙarfe ana tsawa aradu za ta faɗo maka, in ka hau wajen sanyi ba riga mai kauri sai ka dafa abinci da barkono ka ci kafin ka iya jurewa. Yaro yana gwadawa da kansa ne yana ganewa, ba mai tsaye a kansa yana ce masa ba haka ake yi ba.

Sai kuma maganar a san da kai. Ki duba rayuwar ɗanki a yini guda, a aji ƙila su sittin ne ko fiye, malami bai ma riƙe sunansa ba, a gida shi ne ɗan aike, je ka sayo gawayi, je ka ɗebo ruwa, riƙe ƙaninka. In ya yi daidai shiru, in ya yi kuskure kowa ya ji. A cikin gem kuwa shi ne jarumin, sarakuna da mutanen gari shi suke jira ya zo ya cece su, kuma duk ɗan abin da ya yi sai an lissafa masa, ya kashe dodo an ba shi maki, ya buɗe akwati ya samu makami, lebul ɗinsa ya tashi daga 20 zuwa 21 yana gani da idonsa. A waje kuwa yana ganin yayyensa da suka gama jami'a suna zaune a majalisa ba aiki, to ki ce min wanne ne zai fi yi masa kama da wajen da wahala take biya? Faɗuwa ma a can ba ta da kunya. Babban dodon da suke kira bos zai iya kashe shi sau ashirin, babu mai yi masa dariya, babu mai kiransa daƙiƙi, sai ya tashi ya canja dabara ya koma, ran da ya kayar da shi kuwa ihun da zai yi har maƙwabta sai sun ji. Ni a ganina wannan naci abu ne mai kyau a jikin yaro, inda aka kai shi ne kawai ya kamata a duba.

Kar kuma mu yi kamar dodanni da takubba baƙin abu ne a wajenmu. Mu ma da su aka raine mu, ga ta nan ga ta nanku, kaka tana ba mu labarin Dodo da yarinyar da ta ƙi jin magana, da Gizo da Ƙoƙi, muna maƙale da juna don tsoro amma ba ma so ta ce ƙurungus. Labarin Bayajidda fa? Baƙo ya iso Daura da dare, ya nemi ruwa aka ce sai ranar Juma'a don maciji ya hana ɗiba a rijiyar Kusugu, ya je ya sare kan macijin, ya auri sarauniya Daurama. Wallahi in kika cire sunayen, wannan shi ne ƙashin bayan rabin wasannin nan, baƙo, gari a cikin matsala, dodo, takobi, lada. Bayan tatsuniya yayyenmu suka koma hayar littattafan yaƙi na jarumai da aljanu da matsafa suna karantawa da aci-balbal. Ƙishirwar ɗaya ce, bambancin kawai shi ne yanzu yaron ba sauraro yake ba, shi ne yake riƙe da takobin.

To amma Hajiya ba zan rufe ki ba, hasken nan da kika gani ƙarfe biyun dare ba daɗin labari ne kaɗai ya kawo shi ba, akwai tarko da aka ɗana da gangan. Tatsuniyar kaka tana ƙarewa a tafi a kwanta, wannan kuwa an gina shi ne kar ya ƙare. Kullum akwai ƙananan ayyuka guda huɗu da ake ba ɗan wasa, in bai shiga ya yi ba ladan ranar ya wuce shi. Akwai wani abu da suke kira resin da ake kashewa wajen karɓar lada, yana taruwa ne ɗaya duk bayan minti 8, in ya cika ya tsaya, to sai yaro ya riƙa jin kamar asara yake in bai leƙa ya kashe ba. Babban tarkon kuma shi ne yadda ake samun sababbin jarumai, ba sayensu ake kai tsaye ba, ƙuri'a ake ja, suna ce mata gacha. Ja ɗaya yana cin wasu duwatsu 160 waɗanda su ne kuɗin cikin gem ɗin, damar fitowar babban jarumi a ja ɗaya ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba, 0.6 ce, sai dai an yi alkawari a ja na 90 dole ya fito, kuma ko ya fito ɗin rabi da rabi ne ya zama wanda kake so, wato mutum zai iya kaiwa ja 180, duwatsu 28,800 kenan. Ana tara duwatsun a hankali da wasa, ko kuma a saya da kuɗi yanzu-yanzu, kuma jarumin na ɗan lokaci ne, sati uku a ɗauke shi. Ki ɗora wannan a kan yaron da abokansa duk sun samu shi bai samu ba. A 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta ce irin waɗannan akwatunan sa'a da ake saya da kuɗi caca ne, a watan Janairun 2025 kuma kamfanin da ke tallata Genshin ya yarda ya biya dala miliyan 20 a Amurka bayan hukumar kare masu sayayya ta can ta zarge shi da ruɗar yara kan ainihin kuɗin da suke kashewa, aka kuma hana shi sayar wa 'yan ƙasa da shekara 16 wannan ƙuri'ar sai da izinin iyaye. Saboda haka ko me za ki yi, katin bankinki ko na babansa kar ya taɓa shiga wayar nan, ko sau ɗaya, ko ya ce na naira kaɗan ne.

Game da ko ya kamu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem cikin jerin cututtuka a 2019, amma ba duk mai yawan bugawa ba ne. Abin da suke dubawa shi ne mutum ya kasa tsayar da kansa, gem ya ture komai na rayuwarsa, yana ganin illar kuma ya ci gaba, har abin ya kai kamar shekara guda yana lalata masa karatu ko zama da mutane. Daga abin da kika rubuto ɗanki bai kai nan ba, amma barcin da yake rasawa da sallar da take makara su ne za ki tare tun yanzu.

Ni abin da na ga ya yi aiki a gidan yayata shi ne waya ba ta kwana a ɗakin yara, ƙarfe tara ana kai ta caji ɗakin uwar, har ta babban yayansu, don in shi kaɗai aka ware zai ga kamar tsana ce. Akwai manhajar Family Link ta Google, kyauta ce, za ki iya sa wa wayar awannin da za ta yi a rana da lokacin da za ta kulle kanta, in ba ki iya ba ki sa wani babba ya saita miki amma lambar sirrin ta zauna a wajenki. Ki zauna da shi ku yanka lokacin tare, a China tun 2021 awa uku kacal gwamnati ta yarda yara su yi a sati a gem na intanet, Juma'a da Asabar da Lahadi daga takwas zuwa tara na dare, ki faɗa masa wannan ya san ke mai sauƙi ce. Batun bari in kashe wannan kuma, in shi kaɗai yake bugawa yana iya tsayar da gem ɗin nan take, in da abokai ne a haɗe ba ya tsayuwa amma faɗan 'yan mintuna ne, to kafin a kira sallah da minti goma ki ce masa kar ka fara sabo. Sannan dan Allah rana ɗaya ki ja kujera ki ce nuna min garin nan naka, waye wannan, me ya sa kake faɗa da shi. Za ki sha mamakin yadda bakinsa zai buɗe. Ki kuma roƙi babansa ko kawunsa, in gari lafiya, su kwashe shi da abokansa biyu-uku su kai su duwatsun Shere wata Asabar, ya hau na gaske, iska ta buge shi, ƙafarsa ta yi tsami.

TAMBAYA: Malam ni uba ne daga Bukuru. Na leƙa wayar yarona ɗan shekara 13 na ga wani gem na wani ƙato mai jan zane a jiki yana yayyanka mutane, jini ko'ina, ya ce sunansa God of War, abokinsa ne ya tura masa. Sunan ma kaɗai ya tayar min da hankali. Duk haka suke da gumaka da tsafi?

AMSA: Alhaji hankalinka ya tashi a inda ya dace. Wannan na manya ne, alamar shekara 18 ke kansa, ɗan 13 ba shi da abin yi da shi. Yadda yake zuwa hannun yaranmu shi ne ta wata manhaja PPSSPP da take sa wayar Android ta buga wasannin tsohuwar na'urar PSP ta Sony, sai su tura wa juna ta Xender ba ko data, shi ya sa ba za ka ga alamar shekarun ba. Labarinsa a kan allolin tsoffin Girkawa yake, jarumin Kratos yana yaƙi da su, akwai yankan kai da tsiraici a wasu wuraren. Ka goge shi, amma ka gaya masa dalili, ka kuma ba shi madadi.

Ba duka suke haka ba, sai dai gaskiya yawancin wasannin wannan layin akwai sihiri a ciki, a Genshin akwai waɗanda labarin yake kira alloli bakwai da mutum-mutuminsu da ake kai wa abubuwa don ƙarin ƙarfi, shigar wasu matan ciki ma ba irin tamu ba ce, a Zelda ma jarumin yana tsayawa gaban mutum-mutumi ya yi roƙo. Na faɗa maka ne dalla-dalla don in za ka kai wa malaminku tambayar hukunci ka kai masa abin yadda yake. Kafin a sauke kowane gem ka duba lambar da ke jikinsa a Play Store, 3, 7, 12, 16 ko 18. Ga ɗan 13 ni Minecraft zan nuna maka, na 'yan shekara 7 zuwa sama ne, gini ake da haƙa da noma da yawon gano wurare, dodannin ciki ba jini, akwai ma yanayin da ake cire su gaba ɗaya, kuma ana iya buga shi ba intanet.

TAMBAYA: Kawu ina wuni. Ni ɗaliba ce 'yar shekara 16 daga Rikkos, ina son irin gem ɗin nan sosai kuma ina zane. Abin da ke damuna duk jaruman Turawa ne ko 'yan Japan da China. Babu namu ne? Kuma mace za ta iya yin aikin haɗa gem?

AMSA: Lafiya lau 'yata, wasiƙarki ta faranta min rai. Akwai na Afirka, kaɗan ne dai. A Yawunde ta Kamaru, nan maƙwabtanmu, wani matashi Olivier Madiba da kamfaninsa Kiro'o Games sun fitar da Aurion a 2016, labarin wani sarki da matarsa da aka yi wa juyin mulki ranar bikinsu suka fita neman ƙarfin kakanninsu, sun yi shi ne suna fama da ɗaukewar wuta irin tamu. A 2024 kuma Abubakar Salim, ɗan wasan kwaikwayo a Ingila mai tushe a Kenya, ya fitar da Tales of Kenzera: Zau, a kan yaron da yake neman dawo da mahaifinsa da ya rasu, shi ma rasuwar nasa mahaifin ce ta sa ya yi shi.

Mace za ta iya mana, kuma zanen da kike yi shi ne rabin aikin, don kafin a rubuta layi ɗaya a kwamfuta sai an zana jarumin da garin da dodon a takarda. Ki sayi littafin zane guda ki ware shi, ki zana min Daura da dare, ganuwa, rijiyar Kusugu, tsohuwar da ta sauki baƙon, macijin yadda kike ganinsa a ranki. Ki je wajen kakarki da waya ki ɗauki muryarta tana tatsuniya tun tana da ƙarfin yi. In kin samu kwamfuta ko ta aro ce akwai manhajar haɗa gem mai suna Godot, kyauta ce kuma ba ta da nauyi, ki fara da abu ƙarami, yarinya ɗaya da tulu a ka da hanya zuwa rijiya. Jarabawarki ta gama sakandare tana gaba don haka Asabar da Lahadi kawai, in kin gama zanen farko ki turo min ta adireshin mujalla, zan roƙi edita ya ba shi gefen wannan shafin.